Baba Mai Walda da Masu Shiga Rami

Ƙarfe bakwai saura kwata Baba Mai Walda yake buɗe shagonsa. Zai ja ƙofar ƙarfen gefe guda, ya turo injin walda bakin ƙofa, ya share gaban shagon da kansa, sannan ya zauna kan wani mataccen batirin mota ya sha shayin da Mama, matarsa, ta zuba masa a fulas. Haka yake yi kullum, ban da Lahadi da Laraba. Ranar Lahadi yana coci tun maigadi bai gama buɗe tagogi ba. Ranar Laraba kuwa sai ƙarfe takwas shagon yake buɗewa, domin da sassafe yana bakin yadin kamfanin masu kwashe masai, tsaye kusa da motocinsu, yana wa'azin minti goma kafin a tayar da injuna.

A Lahadin da ta wuce ya sauka daga mumbari, saukar da ba zai sake hawa ba. Shekararsa saba'in da ɗaya, kuma hasken walda ya ci rabonsa a idanunsa, har ya kai ko da tabarau sai ya kai Littafin dab da hancinsa kafin ya ga baƙi. Shekara talatin da huɗu ya yi yana wa'azi a cocinmu. Ba fasto ba ne, bai je makarantar fastoci ba, ba a taɓa buga hotonsa a jikin wata takardar taro ba. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta wannan tun yana da rai, a karanta masa ya ji.

Ni ce sakatariyar cocin. Shekara ashirin da shida ke nan nake buga jerin masu wa'azi na kowane wata in manna a allon bakin ƙofa. Muna da sujada biyu ranar Lahadi. Ta biyu, ta ƙarfe tara, ita ce ta manya: motoci su cika farfajiya, mawaƙa su sa rigunansu, fasto ya hau da kansa. Ta farko, ta shida da rabi, ta masu aikin Lahadi ce: masu gadi, masu shara, masu dafa abinci a gidajen mutane, direbobi, ma'aikatan jinya. Kowa cikinsu yana da inda ake jiransa ƙarfe takwas. Wannan ita ce sujadar Baba. Ba wanda ya taɓa yi masa gardama a kanta, don ba mai son ta.

Wa'azinsa ba ya wuce minti ashirin. Ba ya ihu, ba ya dukan tebur. Yana karatu da yatsa a kan layi, yatsan da duk ya yi tabon ƙuna. Mama takan ce da yana magana a gida kamar yadda yake taƙaita wa'azi, da ta huta. Shi kuma ya ce ai a coci ba mai katse shi, shi ya sa yake gamawa da wuri.

A cikin mutanen sujadar safe akwai wani da muke kira Dogo. Yana aiki a kamfanin kwashe masai. Ga wanda bai sani ba, motar kamfanin tana da tiyo mai zuƙe ruwan ramin bayan gida, amma abin da ya daskare a ƙasan ramin tiyo ba ya iya masa, sai mutum ya sauka da shebur ya farfasa. Dogo yana cikin masu saukar. Mutum ne mai tsabta ƙwarai, kullum rigarsa a goge, muryarsa mai kauri in ana waƙa. Yana da mata da 'ya'ya mata uku.

Shekara goma sha huɗu da suka wuce, wata Alhamis da hantsi, aka tura motarsu wani otal. Dogo ya sauka ramin. Bai yi minti biyu ba aka ji shiru. Abokin aikinsa, wani Musulmi da ake kira Mai Rediyo saboda ba ya rabuwa da ƙaramar rediyo a aljihu, ya ja igiyar da aka ɗaure Dogo da ita, igiyar ta tsinke a hannunsa. Bai tsaya tunani ba ya bi shi ciki. Shi ma shiru. Direban motar, wanda ba aikinsa ba ne shiga rami, ya zura rabin jikinsa, iskar ramin ta buge shi, masu gadin otal suka janyo shi ta ƙafa. Direba ya rayu, sai dai har yau in ya hau bene sai ya tsaya ya huta a tsakiya. Dogo da Mai Rediyo kuwa gawarsu aka ciro.

Kwana biyu bayan haka kamfanin ya ba da bayani cewa ma'aikatan sun sha giya ne, kuma sun ƙi sa kayan kariyar da aka ba su. Mai kamfanin dattijo ne a cocinmu, shi ne shugaban kwamitin gini, shi ya tsaya aka yi rufin da muke zama a ƙarƙashinsa. Ba mugun mutum ba ne a idon kowa, har da ni. Da maganar giyar ta shigo coci, ba wanda ya tsaya bincike. Na ji da kunnena wata daga cikin matan coci tana cewa, “Ai masu irin wannan aikin ba sa iya yinsa sai sun sha.” Ban tanka mata ba.

Matar Dogo ce ta je shagon Baba. Ta tsaya a bakin ƙofa har ya kashe injin ya ɗaga gilashin fuskarsa.

“Baba,” ta ce, “ni ba komai na zo nema ba. 'Ya'yana ne ake ce wa a makaranta ubansu ɗan giya ne ya faɗa masai. Kai ka san shi. Ka faɗa mini, ya taɓa sha?”

“Bai taɓa ba, 'yata.”

“To me ya sa ba wanda ya faɗa?”

Baba ya ajiye gilashin fuskarsa. Ya rufe shago a ranar. Ya je asibiti ya zauna da Direba, ya saurare shi a hankali, don maganar tana fita da ƙyar. Ya je yadin kamfanin, inda ba baƙo ba ne tunda shi yake musu walda. Wani tsohon ma'aikaci da kowa ke kira Kawu ya nuna masa ragowar igiyar a bayan mota. Ya kuma nuna masa ta taga, a ofishin manaja, takunkuman numfashi guda biyu, sababbi fil a cikin leda, a kulle a kabad mai gilashi. Kawu ya ce ba a fito da su sai ranar da jami'an duba aiki za su zo.

Daga nan Baba bai wuce mumbari kai tsaye ba. Wannan ne abin da masu zaginsa daga baya ba sa faɗa. Ya je ofishin Dattijo sau biyu, shi kaɗai, ya zauna, ya faɗa masa abin da ya gani. A zuwan farko Dattijo ya ce zai duba. A na biyu ya ce, “Ɗan'uwa, kai mai walda ne. Ka san ƙarfe, ni na san kamfani. In na ce ba giya ba ce, gobe hukuma ta rufe yadin, mutum sittin su zauna a gida. Kai za ka ciyar da su?”

“Ban ce a rufe ba,” in ji Baba. “Cewa na yi a faɗi gaskiya, a buɗe kabad.”

“Ka bar mini wannan.”

A ƙarshen watan fasto ya yi tafiya, mataimakinsa ba shi da lafiya, aka rasa mai hawa a sujada ta biyu. Ni na kawo shawarar a sa Baba, ni na buga sunansa. Ban san abin da ke ransa ba.

Ya hau da Littafinsa da wani buhu a hannu. Ya ce, “'Yan'uwa, kun san ni, ba zan daɗe ba.” Aka yi dariya. Ya karanta labarin 'yan'uwa biyu na farko a duniya, inda Allah ya tambayi ɗaya ina ɗan'uwansa, shi kuma ya nuna ba ruwansa. Ya rufe Littafin. Sannan ya zaro igiyar daga buhu, ya kama ta da hannu biyu ya ja, zaren ya riƙa tsinkewa ɗaya bayan ɗaya har ta rabu.

“Da wannan aka ɗaure Dogo,” ya ce. “An ce muku ya sha giya, kun yarda. A da, wannan sujadar yake zuwa, waɗansunku sun tuna. Ya koma ta safe ne domin duk bencin da ya zauna a nan sai a bar masa shi kaɗai. To ta yaya za ku san abin da ke bakinsa, alhali ba ku taɓa matsawa kusa da shi ba? Dukanmu muna da rami a gida. In ya cika muna kiran mota, mu rufe tagogi, mu jira su gama su tafi. Wa ya taɓa leƙowa ya ga da me mutumin ya sauka?”

Ina zaune a gefe, ina ganin ƙeyar Dattijo a benci na gaba, ba ta motsa ba.

“Kada ku ce na cire kaina,” Baba ya ci gaba. “Murfin ramin otal ɗin nan ni na yi waldarsa. Da aka ba ni awo na ga ya yi ƙunci, na ce mutum zai wuce nan da ƙyar. Aka ce haka ake so, don kada ya ɓata farfajiya. Na yi shiru na yi aikina. Ranar da za a ciro su, sai da aka fasa kankare, awa biyu ana sara. In Allah ya tambaye ni ina Dogo, ina da abin da zan amsa. Kuma ba shi kaɗai za a tambaye mu ba. Wanda ya bi shi ciki ba ɗan cocinmu ba ne, ba addininmu ɗaya ba. Bai tsaya tambayar wannan ba kafin ya sauka. Shi ma an ce ɗan giya ne, tsohuwarsa tana ji.”

Sai ya juyo ya dubi benci na gaba.

“Dattijo, na zo wurinka sau biyu, mu biyu kawai. Ba don in kunyata ka nake faɗa a nan ba, tare muke cin Jibin Ubangiji. Abu uku na roƙe ka, su zan maimaita. Ka buɗe kabad. Ka janye maganar giya. Ka je ka gaishe da gidajen nan biyu. Mu yi addu'a.”

Duka bai kai minti goma sha biyar ba. Dattijo bai jira addu'ar ba, ya tashi ya fita, iyalinsa suka bi shi, wasu benci biyu suka bi bayansu.

Kwana huɗu bayan dawowar fasto, dattawan coci suka zauna. Aka yanke cewa Baba ya mai da mumbari wurin tonon silili, ya raba kan ikilisiya, don haka an dakatar da shi daga wa'azi sai abin da hali ya yi. Akwai biyu cikin dattawan da ba su yarda ba, amma an fi su yawa. Ni aka ba takardar dakatarwar da rubutun hannu in buga. Na buga. Na sa hatimi, na ninke, na sa a ambulan. Ina da yara a makaranta, aikin nan shi ne abincinmu, abin da na riƙa faɗa wa kaina ke nan.

Da Baba ya zo karɓa ban iya ɗaga kai ba. Ya buɗe a gabana, ya karanta da yatsa har ƙasa.

“'Yata, kin rubuta sunana daidai, su ma dattawan ba duka suka iya ba,” ya ce. “Share fuskarki. Aikinki kika yi. Ni ma aikina na yi ranar da na yi murfin nan, kin ga inda ya kai mu. Ki dai riƙa duba abin da ake ba ki.”

Ba faɗa ya yi mini ba. Da faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi.

Abin bai tsaya a coci ba. Kamfanin ya daina kawo masa aiki, waɗansu 'yan coci ma suka koma wurin wani mai walda. Babban ɗansa yana aiki a ofishin kamfanin, shi ke tsara wace mota za ta je ina. Ba a kore shi kai tsaye ba, an dai mai da shi ba ya da tebur, har ya gaji ya ajiye. Matarsa tana da tsohon ciki a lokacin. Ya zo gida ya ce, “Baba, ka tuna da 'ya'yan Dogo, ba ka tuna da jikanka ba.” Ya fi shekara bai taka gidan ba. Mama ma ta yi fushi, amma nata daban ne. Ta ce mini, “Ni ba faɗin da ya yi ne ya ɓata mini rai ba. Shekara talatin muna ɗaki ɗaya, a benci zan ji kamar kowa? Da ya gaya mini, da na sa zanen da ya fi wannan, tunda ranar kowa ni yake kallo.”

Baba bai bar cocin ba. Kowace Lahadi yana sujadar safe, a zaune cikin mutane, yana sauraron duk wanda aka sa. Ranar Laraba ta farko bayan dakatarwar ya ɗauki Littafinsa ya tafi bakin yadin kamfanin. Ba a bar shi ya shiga ba, sai ya tsaya a waje, gefen titi, inda ma'aikata ke jiran a buɗe ƙofa. Mutum uku suka tsaya a ranar, sauran suka juya baya don manaja yana kallo ta taga.

Waɗanda suka ji shi a waɗannan safiyoyi sun ce rabin maganarsa Maganar Allah ce, rabi kuma maganar rami. Yakan ce musu Allah da hannunsa ya yi jikin nan, ya hura masa numfashi, ba wanda yake da iko ya mai da shi abin zubarwa, ko mai kamfani ko su kansu. Daga nan sai ya ce a buɗe murfi a bar ramin ya sha iska kafin kowa ya leƙa. Kada mutum ya sauka sai da biyu a sama. In wanda ke ciki ya yi shiru, kada kowa ya bi shi, a jawo shi. Ya je ya tambayi 'yan kwana-kwana yadda suke ciro mutum daga rijiya, ya dawo shago ya haɗa wani ƙarfe mai ƙafa uku daga ragowar bututu, da wili a sama wanda igiya ke bi, yadda mutum ɗaya zai iya jawo ƙato shi kaɗai. Sau huɗu ya sake shi kafin ya yi daidai. Ya gwada da buhun yashi, sannan ya gwada da kansa, Mama tana tsaye tana masifa. Ya kai musu kyauta. Ya kuma bi gidaje da shagunan da ya taɓa yi wa murfin rami, ɗaya bayan ɗaya, yana roƙon a bar shi ya faɗaɗa. Waɗansu suka yarda, waɗansu suka ce ya tafi da wa'azinsa.

Fiye da rabin ma'aikatan yadin Musulmi ne. Da farko sukan tsaya nesa kaɗan har ya gama addu'a, sannan su matso a yi maganar aiki. Kawu ya taɓa ce masa, “Malam, wa'azinka naka ne, ni ina da nawa. Amma duk wanda ya tsaya a gaban mutanensa ya wanke sunan Mai Rediyo, ba zan wuce shi a hanya ban tsaya ba.” Kawu ne ya raka shi gidan tsohuwar Mai Rediyo. Ta ce rediyon ɗanta kawai take so a kawo mata, ba a dawo da ita tare da kayansa ba. Baba ya yi sati uku yana bin ofishin 'yan sanda har aka samo ta a cikin wata leda. Ba ta aiki. Tsohuwar ta ce ba don ta ji labarai take nema ba.

Wata goma sha ɗaya bayan rasuwar, aka tura wata mota wani babban gini. Ma'aikata huɗu suka buɗe murfi, suka ji irin warin da Direba ya sha kwatanta musu, suka ce ba mai sauka sai an kawo takunkumi da injin hura iska. Manaja ya kore su nan take. Washegari ba motar da ta fita daga yadin, Kirista da Musulmi duk suka zauna a gefen titi. Baba bai ce musu su yi haka ba, na tambaye shi, na kuma tambayi Kawu. Da ya ji labari dai ya rufe shago ya je ya zauna tare da su a rana.

A ranar ce wata lauya, 'yar sujada ta biyu, ta tsayar da motarta a wurin. Tana cikin coci ranar igiyar, kuma kamar yawancinmu ba ta ce komai ba. Ta ce da Baba, “Baba, wata goma sha ɗaya ina jin tsinkewar igiyar nan a kunnena. Me zan yi?” Ya nuna mata Kawu, ya ce shi za ta tambaya. Ita ta nemo takardar likitan da ya duba gawarwakin, wadda tun farko ta nuna ba giya a jininsu, amma ba wanda ya nemi ganinta. Ita ta kai maganar hukumar duba ma'aikata. Abin ya ja, sai da aka shekara uku. An mayar da mutum huɗun bakin aiki, an tilasta wa kamfanin sayen kayan kariya na kowace mota, an kuma rubuta a takardar hukuma cewa iskar rami ce ta kashe Dogo da Mai Rediyo, ba sakacinsu ba. Matar Dogo ta sa aka yi wa takardar gilashi. Babbar 'yarta ta kai kwafi makaranta ta ba shugabar da hannunta.

Ba zan ƙara wa labarin gishiri ba. Dattijo bai taɓa tsayawa a gaban kowa ya nemi gafara ba. Ya koma wani coci da iyalinsa. Kamfaninsa bai rufe ba, yana nan yana aiki, kuma tun daga lokacin ba a sake rasa rai a ramukansa ba. An ce ya taɓa zuwa gidan matar Dogo shi kaɗai, ya zauna kaɗan ya tafi, ita kuma ba ta faɗi abin da suka yi magana ba. In sun haɗu da Baba a wurin jana'iza sukan gaisa. Akwai ƙananan kamfanoni a garin da har yanzu suke tura mutane rami da tsumma a hanci, bara ma an rasa mutum ɗaya. Ɗan Baba ya sami wani aiki, ya dawo gida ranar da aka kwantar da Mama a asibiti, suka yi magana a baranda. Sun shirya, amma har yau in zancen ya taso yakan ce kamata ya yi Baba ya gaya masa tun kafin ya hau mumbarin. Baba ya yarda cewa a nan ya yi kuskure.

Dakatarwar ta yi shekara biyu da wata huɗu. Da aka kawo sabon fasto ya karanta takardun, ya tambayi dattawa, “Akwai abin da ya faɗa da ba gaskiya ba?” Ba wanda ya amsa. Ya ce in mayar da sunansa a jerin masu wa'azi. Baba ya koma mumbarin sujadar safe kamar jiya ya bari. Bai yi wa'azi a kan abin da aka yi masa ba, ko sau ɗaya. A shekarun da suka biyo ya yi magana a kan masu gadin da ake sa su kwana biyu a jere ba canji, da masu aikin gida da ba a barinsu su ci abinci a kwanon da 'yan gida ke ci. Kowane lokaci sai ya fara zuwa wurin mai abin shi kaɗai. Sau da yawa maganar takan ƙare a can, ba ta kai mumbari ba.

Baba, kai ne ka nuna mana cewa wa'azi ba ya ƙarewa a bakin ƙofar coci. Kai ne ka fara da laifin kanka kafin ka ambaci na wani. Kai ne aka hana mumbari ka ɗauki gefen titi, ba ka zagi kowa ba, ba ka kafa naka cocin ba. Mai hannun ƙuna, mai gajeren wa'azi. Mu da muke da mumbari da hatimi da manyan takardu mun ji tsoro, kai da ba ka da komai sai injin walda ka faɗa.

A Lahadin sallamar, sujadar safe ta cika har waje. Ma'aikatan yadin sun zo da tsabtatattun kayansu. Kawu, wanda yanzu da sanda yake tafiya, ya zauna da mutanensa a inuwar bakin ƙofa har aka tashi, sannan suka shigo farfajiya suka yi layi suna ba Baba hannu. Direba ya nemi a ba shi minti ɗaya. Ya tsaya, ya huta, ya ce, “Ni ban iya magana ba. Na ƙirga, mutum bakwai aka jawo da ƙarfen Baba a sume, duk suna raye. Uku suna nan wurin.” Mutum ukun suka ɗaga hannu. Baba ya sunkuyar da kai yana goge tabarau. Da fasto ya ce yanzu sai ya je ya huta, sai ya ce, “Fasto, ido ne ya tafi. Baki yana nan.” Mama ta ce daga inda take zaune, “Ni ce shaida.”

Mun gode, Baba. Na gode a madadin matan da mazajensu suke dawowa gida da yamma, da 'ya'yan da aka wanke sunan ubansu, da ni kaina da ka koya wa karanta takarda kafin in sa hatimi. Allah ya ƙara maka lafiya, ya bar ka da Mama, ya ba ka ganin jikokin jikoki.

Ku kuma matasan da ke hawa mumbari yanzu, shagonsa yana nan, yana buɗe, ko da yake sai dai ya zauna ya nuna wa masu aiki inda za su ɗora wuta. Ku je ku zauna da shi tun yana iya ba ku labari. A cikin masu sauraronku kowace Lahadi akwai wanda ake zalunta, akwai kuma wanda ke zaluntarsa, sau da yawa benci uku ne tsakaninsu. Ku san su duka biyu, ku ƙaunace su duka biyu, ku je ku gani da idonku. Idan kun gani, kada ku yi shiru.